Yadda ake gano inda shiri ya kasa magana da rumbun bayanai

Ranar Litinin ta farkon zango, iyaye sun yi layi a ofishin kuɗi na wata makaranta a Kubwa, akanta ya danna don fitar da rasit, sai allo ya yi fari fat. Ko kuma layi ɗaya ya fito: `SQLSTATE[HY000] [2002] Connection refused`. Abin da masu rubuta shiri da yawa ke yi a irin wannan lokaci shi ne canki-canki: a sauya kalmar sirri, a sake kunna saba, a cire direba a mayar, duk a tashi ɗaya. Ko da abin ya tashi, babu wanda ya san me ya tayar da shi, kuma zai dawo.

Tsakanin shirinka na PHP ko Python da bayanan da ke cikin MySQL ko PostgreSQL akwai matakai a jere: direba (manhajar da ke haɗa shiri da rumbun), hanya, sabar kanta (injin ko manhajar da ke riƙe rumbun), izinin shiga, umarnin SQL, sannan amsar da ta dawo. Kowane mataki da irin kukansa. Aikinka shi ne ka gano a wane mataki aka tsaya, ka gwada shi a wajen shirin, kuma ka riƙa sauya abu ɗaya tak kafin kowane gwaji.

Ka fara sa kuskuren ya yi magana

Farin allo ba ya nufin babu kuskure, an dai rufe masa baki ne. PDO da mysqli su ne hanyoyi biyu da PHP ke magana da MySQL. Kafin PHP 8.0, PDO yakan yi shiru idan umarni ya faɗi, mysqli kuwa sai a 8.1 ya fara jefo kuskure da kansa. Don haka ka faɗa masa a fili:

```php
$pdo = new PDO(
  'mysql:host=127.0.0.1;port=3306;dbname=makaranta;charset=utf8mb4',
  $suna, $sirri,
  [PDO::ATTR_ERRMODE => PDO::ERRMODE_EXCEPTION,
   PDO::ATTR_EMULATE_PREPARES => false]
);
```

Mai amfani da mysqli ya sa `mysqli_report(MYSQLI_REPORT_ERROR | MYSQLI_REPORT_STRICT);` kafin haɗawa. Ka nemo duk alamar `@` da aka liƙa a gaban umarni ka cire ta. A Python, ka nemo `except: pass`, domin ba abin da ke ɓoye laifi kamarsa, ka maye gurbinsa da `logging.exception("haɗi ya faɗi")`. A shafin da jama'a ke shiga kada ka nuna kuskuren a allo, yana iya tona sunan asusu da na teburori. Ka karanta shi daga kundin kurakurai: `/var/log/apache2/error.log` a Ubuntu, ko fayil mai suna `error_log` da cPanel kan ajiye a cikin babban fayil ɗin shafin.

Da zarar lambar ta fito, ka lura da wannan, zai rage maka rabin wahala. A MySQL, lambobi irin su 2002, 2003, 2006 da 2013 daga ɓangarenka suke fitowa, wato direba ne ke cewa bai samu saba ba ko ya rasa ta. Lambobi irin su 1045, 1049 da 1064 kuwa sabar ce da kanta ta amsa. Idan ka ga 1045, ka daina zargin intanet da katangar tsaro. Ka isa ƙofar gidan, mai gida ne ya ce bai san ka ba.

Direba

Wannan ba ya cin lokaci. `could not find driver` na nufin ba a saka `pdo_mysql` ba ko ba a kunna shi ba. Ka duba da `php -m`, ka saka da `sudo apt install php-mysql`, ka sake kunna Apache ko PHP-FPM. Amma ka sani PHP na allon umarni da na shafin intanet kowanne da nasa `php.ini`, wani lokaci ma ba zubi ɗaya ba ne, don haka ka tabbatar da `phpinfo()`, sannan ka goge fayil ɗin da ka gama. Idan ka ga `Call to undefined function mysql_connect()`, tsohon shiri ne aka ɗora wa sabon PHP: an cire wannan rukunin umarni tun a PHP 7.0 a 2015, kuma maganinsa komawa PDO ko mysqli. A Python, `ModuleNotFoundError` kusan kullum yana nufin ka saka direban a wani Python, shirin kuma yana gudana a wani. An fi ganin haka a aikin `cron`, mai gudanar da shiri a lokacin da aka tsara, don haka ka rubuta masa cikakkiyar hanya, misali `/home/aiki/venv/bin/python`.

Ka ajiye shirin, ka shiga da hannu

Daga kan injin da shirin ke gudana, ba daga kwamfutarka ta gida ba, ka rubuta:

```
mysql -h 127.0.0.1 -P 3306 -u akanta -p makaranta
psql -h 127.0.0.1 -p 5432 -U akanta makaranta
```

Idan ka shiga, rumbun lafiyarsa ƙalau, galibi laifin yana cikin yadda shirin ke karanta bayanan shiga. Kalmar sirri mai `$` da aka sa tsakanin alamun zance biyu-biyu a PHP takan lalace, domin PHP zai ɗauki abin da ke bayan `$` sunan wani abu ne. Mai `#` a fayil ɗin `.env` takan yanke daga nan idan ba a kewaye ta da alamar zance ba. Mai `@` ko `/` a cikin adireshin SQLAlchemy takan rikita inda sunan saba ya fara, sai an bi da ita ta `urllib.parse.quote_plus`. Akwai kuma ɗan filin da kan biyo kalma idan an kwafo ta daga WhatsApp; ka buga tsawonta da `strlen` ko `len` ka ƙirga, ba sai ka buga ita kanta ba. Mai Laravel da ya gyara `.env` abin bai sauya ba ya gudanar da `php artisan config:clear`.

Idan ba ka shiga ba, ka karanta yadda aka ƙi ka.

`localhost` da `127.0.0.1` ba abu ɗaya ba ne a wurin MySQL a kan Linux. Na farko yana bi ta wani fayil da ake kira soket, na biyu ta ƙofa mai lamba 3306. Saboda haka `[2002] No such file or directory` na nufin an nemi soket a inda babu shi. A Ubuntu yana `/var/run/mysqld/mysqld.sock`, a wasu injinan yana `/tmp/mysql.sock`. Ka sauya zuwa `127.0.0.1` ka gani. A cikin Docker kuma `localhost` akwatin shirin ne kansa, ba na rumbun ba, sai ka yi amfani da sunan da ka ba rumbun a fayil ɗin `compose`, misali `db`. Kuma `depends_on` shi kaɗai ba ya jiran MySQL ya gama shiryawa, shi ya sa shirin kan faɗi a kunnawar farko ya tashi a ta biyu.

Sai bambancin `Connection refused` da `timed out`. Na farko amsa ce nan take: an isa injin, amma babu mai saurare a wannan ƙofa. Na biyu shiru ne mai tsawo: ko adireshin ba daidai ba, ko katangar tsaro na haɗiye saƙon. Ka gwada ƙofar kaɗai da `nc -zv adireshi 3306`, ko a Windows `Test-NetConnection adireshi -Port 3306`. A kan sabar kuma:

```
sudo systemctl status mysql
sudo ss -ltnp | grep 3306
sudo tail -n 50 /var/log/mysql/error.log
df -h
```

Na ƙarshen nan kada ka raina shi. Faifan da ya cika ɗari bisa ɗari yakan hana MySQL aiki, kuma mafi yawa tsofaffin kundin kurakurai ne da kwafin ajiya suka cinye wurin. A ƙaramar sabar haya mai ƙwaƙwalwar gigabait 1, Linux kan kashe MySQL idan wuri ya ƙure. `sudo dmesg | grep -i "killed process"` zai nuna maka. Sake kunnawa ba magani ba ne a nan, sai an ƙara wurin musaya (swap, ɓangaren faifai da ke taimaka wa ƙwaƙwalwa) ko an rage abin da Apache ke ci.

Ga kuma matsalar da muka fi kowa sani: an ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu. Kantin magani a Wuse ko shago a Nyanya da ke gudanar da XAMPP a kan kwamfutar tebur ba tare da UPS ba zai wayi gari da `MySQL shutdown unexpectedly`. Kafin ka taɓa komai, ka kwafe babban fayil ɗin `C:\xampp\mysql\data` gaba ɗayansa zuwa wani wuri, sannan ka karanta `mysql_error.log`. MyISAM da InnoDB nau'o'in teburi ne a MySQL. Teburin MyISAM da aka ce ya `crashed` yakan gyaru da `REPAIR TABLE`. InnoDB yakan farfaɗo da kansa; idan ya ƙi, ka sa `innodb_force_recovery=1` a `my.ini`, ka ƙara lambar ɗaya-ɗaya har ya tashi, ka fitar da bayanan da `mysqldump`, ka gina sabo. Daga 4 zuwa 6 ana iya yin asarar da ba ta dawowa, kada ka kai can sai da kwafi a hannu. Kuma duk wanda ya ce ka goge `ibdata1` don abin ya tashi, ka tambaye shi ina bayananka za su koma.

Haɗawa daga nesa

Idan `ss` ya nuna `127.0.0.1:3306`, MySQL na sauraren cikin gida ne kawai. A Ubuntu layin `bind-address` ne a `/etc/mysql/mysql.conf.d/mysqld.cnf`, a PostgreSQL kuwa `listen_addresses` ne a `postgresql.conf`. Mutane kan buɗe shi ga kowa, su ba asusu izini daga `%`, wato daga ko'ina, su wuce. Ba mu goyon bayan haka ko kaɗan, domin akwai injinan da aikinsu dare da rana neman ƙofa 3306 a buɗe.

Taƙaita shiga ga adireshi ɗaya ma yana da tasa matsalar a nan Abuja, inda yawancinmu da layin waya ko MiFi muke aiki. Adireshin da kamfanin sadarwa ya ba ka yau ba lallai ne shi za ka samu gobe ba, kuma kana raba shi da wasu. Shi ya sa wanda ya sa adireshinsa a Remote MySQL na cPanel da safe a Gwarimpa zai iya samun 1130 (ba a yarda da adireshinsa ba) ko shiru da yamma a Lugbe. Hanyar da ta fi ita ce ramin SSH:

```
ssh -N -L 3307:127.0.0.1:3306 aiki@adireshin-saba
```

Daga nan shirinka ya haɗu da `127.0.0.1` a ƙofa 3307. Ƙofar rumbun na rufe ga duniya, adireshinka kuma ya yi ta sauyawa.

A AlmaLinux ko Rocky, idan allon umarni ya shiga amma shafin ya ce `Permission denied`, ka zargi SELinux, tsarin tsaron da suke zuwa da shi: `sudo setsebool -P httpd_can_network_connect_db 1`.

Izinin shiga

Ka karanta saƙon 1045 har ƙarshensa. `using password: NO` na nufin shirin bai tura kalmar sirri ba sam, wato bai karanta fayil ɗin saituna ba. `YES` na nufin ya tura, ba a karɓa ba. Ka kuma dubi abin da ke bayan `@`, domin a MySQL asusu suna ne haɗe da inda aka fito. `'akanta'@'localhost'` daban, `'akanta'@'%'` daban, kowanne da kalmar sirrinsa.

```sql
SELECT user, host, plugin FROM mysql.user;
SHOW GRANTS FOR 'akanta'@'localhost';
```

Lamba 1698 a Ubuntu ta `root` ce: an ɗaure shi da `auth_socket`, sai da `sudo mysql` ake shiga. Kada ka kwance wannan, ka buɗe wa shirin asusunsa mai izini a kan rumbu ɗaya kawai. Lamba 1044 na nufin an san ka amma ba a ba ka wannan rumbun ba. A cPanel abu biyu ake mantawa: sunan rumbu da na asusu duk suna ɗauke da sunan mai hayar a gaba, kamar `makarant_akanta`, sannan bayan buɗe su sai an haɗa asusun da rumbun an ba shi izini.

`The server requested authentication method unknown to the client` rikicin zamani ne. MySQL 8.0 da ya fito a 2018 ya koma `caching_sha2_password`, tsofaffin PHP kafin 7.4 kuma ba su jin wannan yaren. Da can akan mayar da asusun `mysql_native_password`, amma a 8.4 an kashe shi sai an kunna, a 9.0 an cire shi. Ka ɗaga PHP ɗin.

PostgreSQL yakan faɗi laifinsa a sarari. `Peer authentication failed` na nufin ka bi ta soket, yana kwatanta sunanka na Linux da na rumbun; ka ƙara `host=127.0.0.1`. `no pg_hba.conf entry for host` na nufin babu layin da ya yarda da kai. Ana karanta wannan fayil daga sama zuwa ƙasa, layin farko da ya dace shi ke aiki, don haka layin da ka ƙara a ƙasa ba zai yi tasiri ba idan na sama ya riga ya kama. Bayan gyara, `SELECT pg_reload_conf();` ya isa.

Haɗin da ya yi aiki sannan ya yanke

`MySQL server has gone away`, lamba 2006, manyan dalilai uku gare shi. Na ɗaya, zaman banza: `wait_timeout` sakan 28800 ne, awa takwas, kuma masu ba da hayar saba kan rage shi sosai. Shirin Python da ya buɗe haɗi da yamma ya kwana zai tarar an rufe da safe. A SQLAlchemy ka sa `pool_pre_ping=True` da `pool_recycle` ƙasa da wancan lokaci. Na biyu, saƙon ya fi `max_allowed_packet` girma, megabait 4 a 5.7, 64 a 8.0, an fi gamuwa da shi wajen cusa hotunan fasfo na ɗalibai cikin teburi, alhali a faifai ya kamata a ajiye su a rubuta hanyarsu kawai. Na uku, sabar ta mutu ta tashi. `SHOW GLOBAL STATUS LIKE 'Uptime';` zai faɗa maka sakan nawa ke nan da tashinta.

`Too many connections`, lamba 1040, na nufin an cike gurabe 151 na MySQL. Na PostgreSQL 100 ne. Kafin ka ƙara adadin ka dubi `SHOW FULL PROCESSLIST`. Idan yawanci `Sleep` ne, shirin na buɗe haɗi a cikin maimaici ba ya rufewa. Haɗi ɗaya ya ishi buƙata ɗaya.

Sa'adatu, Isma'il da lamba 1064

An gwada shiri da Musa da Amina ya yi aiki, ranar da aka zo rajistar Sa'adatu ko Rabi'u ko Mu'azu sai ya faɗi. Ga dalili:

```php
$sql = "INSERT INTO dalibai (suna) VALUES ('$suna')";
```

Waƙafin saman da ke cikin Sa'adatu ya rufe alamar zance tun a `Sa`, sai MySQL ya ɗauki `adatu` a matsayin umarni. Saƙon 1064 yakan nuno wurin da kalmar `near`, kuma laifin na daidai gabanin abin da ya nuno. Wannan ramin da sunan Sa'adatu ya faɗa shi ne wanda ɓarawon bayanai ke shiga ta cikinsa. Don haka cire waƙafin daga sunayen mutane ba gyara ba ne, ɓata suna ne kuma ƙofar na nan a buɗe. Gyaran shi ne a raba umarni da bayani:

```php
$st = $pdo->prepare('INSERT INTO dalibai (suna, aji) VALUES (?, ?)');
$st->execute([$suna, $aji]);
```

```python
cur.execute("SELECT * FROM dalibai WHERE suna = %s", (suna,))
```

Ka lura da waƙafin da ke bayan `suna` a na Python; in babu shi direba irin `psycopg2` zai ɗauki kowane harafi abu daban ya yi ƙorafin adadi. Kada ka kewaye `%s` da alamar zance. `psycopg2` da `PyMySQL` na amfani da `%s`, `sqlite3` kuma `?`. Wannan alama ta bayani ce kawai, ba ta riƙe sunan teburi ko na ginshiƙi. Idan mai amfani ne zai zaɓi ginshiƙin jerawa, ka kwatanta zaɓinsa da jerin da ka yarda da shi. Wani mai jawo 1064 shi ne ba teburi suna da kalmar da SQL ya keɓe, kamar `order` ko `group`, da `rank` tun daga MySQL 8.0.

Lamba 1146 bayan an ɗauko shiri daga Windows zuwa Linux yawanci babban baƙi da ƙarami ne: `Dalibai` da `dalibai` teburi ɗaya ne a can, biyu ne a nan. PostgreSQL kuma yakan mayar da suna ƙananan baƙaƙe sai an kewaye shi da alamun zance biyu-biyu. Ka rubuta komai da ƙananan baƙaƙe ka huta. A SQLite, `no such table` kan nuna cewa an buɗe sabon fayil fanko ne a wani babban fayil daban, domin idan bai tarar da fayil ba shi ke ƙirƙira. Ka ba shi cikakkiyar hanya.

Babu kuskure, amma amsar ba daidai ba

Nan ne aka fi daɗewa. A Python, an yi `INSERT`, babu ƙorafi, an duba babu komai: an manta `conn.commit()`. Ɗan'uwansa shi ne shirin da ke zagayawa yana jiran sabon biya amma ba ya gani, domin karatunsa na farko ya buɗe dunƙulen aiki (transaction), InnoDB kuma na ci gaba da nuna masa hoton wancan lokaci har sai ya yi `commit` ko `rollback`. A PostgreSQL, `current transaction is aborted` ba shi ne kuskuren ba, ka hau sama ka nemo na farko, ka yi `rollback`.

Lambar waya ba lambar lissafi ba ce. Idan ka ajiye ta a `INT`, sifilin farko zai faɗi, sauran kuma sun zarce iyakar `INT` wato 2147483647. MySQL mai tsauri zai ba da 1264, mara tsauri zai rubuta wa kowa 2147483647 ya yi shiru. Lambar waya, NIN da BVN masu lamba 11, da lambar asusun banki mai 10, duk a `VARCHAR` ko `CHAR` ake ajiye su. Ka kula da abin da aka shigo da shi daga Excel, shi ma yakan cinye sifilin tun kafin ya iso. Kuɗi kuma `DECIMAL(12,2)`, ba `FLOAT` ba, in ba haka ba kwabo zai riƙa ɓacewa a jimla. `WHERE biya = NULL` ba ya dawo da komai har abada, `IS NULL` ake cewa.

Agogo ma yana ɓata lissafi. Najeriya na gaban UTC da awa ɗaya, sabobin haya da yawa kuma a kan UTC suke. Cinikin da aka yi tsakanin 12 na dare da ƙarfe 1 zai faɗa lissafin jiya. Ka kwatanta `SELECT NOW();` da agogon hannunka, ka sa `date_default_timezone_set('Africa/Lagos')` a PHP da `SET time_zone = '+01:00'` a farkon haɗi. Sannan `BETWEEN '2025-01-01' AND '2025-01-31'` a kan ginshiƙi mai ɗauke da lokaci yana zubar da kusan duk ranar 31. Ka rubuta `>= '2025-01-01' AND lokaci < '2025-02-01'`.

Ƙ, ɗ da ɓ

An rubuta Ɗanladi ya dawo `?anladi`, ko ƙofa ta dawo `Æ™ofa`. Wurare uku ne dole su yarda da juna: ginshiƙin, haɗin, da shafin. MySQL 5.7 da `latin1` yake zuwa, wanda bai san baƙaƙenmu masu lanƙwasa ba, bai kuma san alamar ₦ ba. Kada ka yarda da abin da allo ya nuna, ka dubi abin da ke ajiye:

```sql
SHOW CREATE TABLE dalibai;
SELECT suna, HEX(suna) FROM dalibai WHERE id = 7;
```

Lafiyayyen ƙ shi ne `C699`, ɗ `C997`, ɓ `C993`. Idan ka ga haka a ginshiƙin `utf8mb4`, bayanan na nan daram, ka gyara `charset=utf8mb4` a haɗi da `<meta charset="utf-8">` a shafi. Idan ka ga `C386E284A2`, an juya harafin sau biyu, kuma yana gyaruwa da `CONVERT(CAST(CONVERT(suna USING latin1) AS BINARY) USING utf8mb4)`. Ka fara gwadawa da `SELECT`, kuma a kan layukan da suka lalace kaɗai. Idan `3F` ka gani, alamar tambaya ce ta gaske aka ajiye, harafin ya tafi, sai an koma takardun rajista. Ka zaɓi `utf8mb4`, domin tsohon `utf8` na MySQL baiti uku kawai yake ɗauka: ƙ zai shiga, amma ɗan hoton murmushi da aka turo daga waya zai jawo 1366.

Wajen nema kuma, ma'aikaci zai rubuta Danladi alhali Ɗanladi aka ajiye. Ka gwada `SELECT 'd' = 'ɗ';` a rumbunka. Idan ya ba da 0, ka ƙara ginshiƙi na biyu da ke ɗauke da sunan ba lanƙwasa ba waƙafi, a riƙa nema a cikinsa, a riƙa nuna na asali a rasit.

Jinkiri

Ka auna kafin ka zargi kowa. Ka kunna `slow_query_log`, ka rage `long_query_time` daga sakan 10 zuwa 1, ka sa `EXPLAIN` a gaban umarnin da ya fito. `type` mai `ALL` tare da `rows` masu yawa na nufin ana karance teburin duka. Ka sa fihirisa (index) a ginshiƙin da ke cikin `WHERE` ko `JOIN`. Fihirisar na iya kasancewa amma ba a amfani da ita: `DATE(lokaci) = ...` na kashe ta, `LIKE '%musa%'` na kashe ta, haka ma kwatanta ginshiƙin rubutu da lamba ba alamar zance.

Wani lokacin kowane umarni na da sauri, yawansu ne matsala. A ce shirin na Abuja, rumbun na Turai, kowace tafiya da dawowa na cin milisakan 150. Jerin ɗalibai 400 da ake tambayar kuɗin kowanne daban a cikin maimaici ya zama minti ɗaya cif. `JOIN` ɗaya zai kawo su a tafiya guda.

Idan umarni ya tsaya cak har ya ba da 1205 bayan sakan 50, wani ne ya riƙe layin bai saki ba, galibi dunƙulen aikin da aka buɗe aka tafi sallah ba a rufe ba. `SELECT * FROM information_schema.innodb_trx;` zai nuna shi da lambar haɗinsa, sai `KILL` da wannan lamba, tare da sanin cewa aikin da bai kammala ba zai warware. Lamba 1213 kuwa cin karo ne tsakanin ayyuka biyu, MySQL ya riga ya soke ɗaya, shirin ya sake gwadawa kawai.

Duk gyaran da zai taɓa bayanai, ka fara da `mysqldump --single-transaction -u akanta -p makaranta > ajiya.sql`, ka buɗe fayil ɗin ka tabbata ba fanko ba ne. Kowane `UPDATE` ko `DELETE` ka fara gudanar da `WHERE` ɗinsa a cikin `SELECT` ka ƙirga layukan.

Idan abin ya gagara za ka nemi taimako a zauren masu shiri, kada ka tura hoton allo da "ba ya aiki". Ka kwafo saƙon kuskuren da lambarsa cikakke, sakamakon `SELECT VERSION();` da `php -v` ko `python --version`, inda shirin ke gudana da inda rumbun yake, ko shiga da hannu ta yi aiki, da abu na ƙarshe da aka sauya kafin ya lalace. Ka goge kalmar sirri, adireshin saba da sunayen ɗalibai kafin ka tura. In kuwa kalmar sirrin ta riga ta fita a hoto, ka sauya ta nan take da `ALTER USER 'akanta'@'localhost' IDENTIFIED BY '...';` sannan ka gyara `.env`.